Ɗokin fim ɗaya ya hana ni barci, har ya raba ni da aminina

Yaya, shekarata 23. Tun ina sakandare nake karanta littattafan kwamik, wato labarai cikin zane-zane, na wani gwarzo guda, irin wanda ba ka ce masa akta kai tsaye, ba ka kuma ce masa bos: yana kare marasa ƙarfi, amma hannunsa ba ya rabo da jini. A lokacin yara suna cin zalina a makaranta, shi ya riƙa ɗebe mini kewa. To an sanar za a yi fim ɗinsa, saura 'yan watanni ya fito. Tun da aka saki tallan farko ban ƙara samun natsuwa ba. Na kalle shi har na haddace, ina kwana a kan waya ina bin jita-jita, aikina ya fara ja da baya. Babban tsorona kada su mayar da shi salihi don yara su samu damar kallo. Kwanan baya aminina, wanda tare muka taso muna karanta littattafan, ya ce fim ɗin zai kwanta, ɗan wasan ma bai dace ba. Raina ya ɓaci, na yaɓa masa magana a gaban abokai, yau makonni ke nan ba ma gaisawa. Ji nake idan fim ɗin ya lalace kamar wani abu nawa ne ya lalace. Me ya same ni, kuma yaya zan yi?

Ƙanena,

Abu biyu ka ɗaure da igiya ɗaya a wasiƙar nan: fim ɗin da bai fito ba, da aminin da ka ci wa fuska. Na farko ba ya hannunka ko kaɗan, na biyu kuwa yana hannunka tun daga daren yau. Amma na san zuciyarka tana can wurin fim, idan na fara da maganar aminin da kunne ɗaya za ka ji ni. Don haka mu fara daga inda zuciyar take.

Ɗokin kansa ba ciwo ba ne, kada kowa ya sa ka ji kunyarsa. Mutumin da ya yi shekaru yana ganin fuska a takarda, yana sa mata murya a ransa, dole gabansa ya faɗi ranar da aka ce za ta yi motsi a allon sinima. Ni ma mai karanta littattafan nan ne, ban kuma ɗauki son su wasan yara ba.

Tsoron da kake ji na kada a mayar da gwarzonka salihi ma yana da tushe. A Amurka, inda ake shirya mafi yawan finafinan nan, akwai matakan da ake sa wa fim gwargwadon abin da ke cikinsa. Wanda aka ba PG-13 yaro zai iya sayen tikiti ya shiga. Wanda aka ba R kuwa, duk wanda bai kai shekara 17 ba sai da iyaye ko wani babba. Kamfanin da ya zuba dala miliyan 100 ko 200 a fim ɗaya ba ya son ya rufe ƙofa a fuskar matasa, su ne kasuwarsa. Daga nan ake fara rage jini, a tausasa baki, a ba gwarzo dalili mai kyau na kowace ɓarnar da ya yi. An yi haka sau da yawa. Judge Dredd, wanda ya fara fitowa a mujallar 2000 AD ta Birtaniya a 1977, an san shi da cewa ba a ganin fuskarsa, kullum tana cikin hular kwano, domin shi doka ce marar fuska. A fim ɗin 1995 Sylvester Stallone ya cire hular tun ba a je ko'ina ba, masu karatu suka ji kamar an mare su.

Wanda ya fi wannan ciwo shi ne abin da aka yi wa Deadpool, wani gwarzon kwamik, kuma a kansa nake so ka tsaya ka duba da kyau. Duk wanda ya san shi ya san bakinsa ne makaminsa, ba ya yin shiru ko ana yanka shi. A 2009, a fim ɗin X-Men Origins: Wolverine, sai aka kawo shi a ƙarshen labari an ɗinke masa baki ruf, fata ta rufe wurin, takubba suna fitowa daga hannuwansa, idanunsa suna feshin wuta. Babu jar rigar da aka san shi da ita, babu abin rufe fuska, babu kalma ko ɗaya. Ka ɗauka kai ne ka shekara kana jiran wannan rana, ka zauna a kujera, aka nuna maka haka. Duk abin da kake tsoro yanzu, masoyansa sun gan shi da idonsu.

Me ya biyo baya? Littattafansa ba su rasa ko shafi ɗaya ba. Wanda ya koma gida ya buɗe su, ya tarar da shi yadda ya bar shi, yana ta zuba. Ryan Reynolds, ɗan wasan da ya fito a matsayinsa aka ɗinke wa bakin, ya ci gaba da neman a yi abin yadda ya kamata. A watan Yulin 2014 wani ɗan gajeren gwaji da darakta Tim Miller ya shirya ya ɓulla a intanet, mutane suka yi ca a kansa, kafin ƙarshen Satumba kamfanin Fox ya sa ranar fitowa. A Fabrairun 2016 fim ɗin ya fito da matakin R, an kashe masa dala miliyan 58 kacal, ya dawo da sama da miliyan 780. Haka shi ma Dredd, a 2012 Karl Urban ya fito a matsayinsa, bai cire hular ba daga farko har ƙarshe. Tun ba a haifi uwar mai sabulu ba balbela take da farinta. Gwarzonka ya yi shekaru yana raye a takarda kafin wani kamfani ya yi tunanin ɗaukar kyamara, kuma idan suka ɓata nasu aikin, nasu ne ya ɓaci.

Akwai tambayar da nake so ka yi wa kanka tsakani da Allah. Da ka ce kada su canja shi, wane shi kake nufi? Gwarazan nan ba alƙalami ɗaya ya rubuta su ba. Littafi yana fitowa wata-wata, shafi ashirin da 'yan kai, shekara talatin ko arba'in, marubuci ya zo ya tafi, mai zane ya zo ya tafi, kowa ya bar tambarinsa. Deadpool da ya fito a 1991 a hannun Rob Liefeld da Fabian Nicieza sojan haya ne, mugu; barkwancin da aka san shi da shi yau ya kafu ne sosai bayan Joe Kelly ya karɓi labarin a 1997. Venom ya bayyana sosai a 1988 a matsayin maƙiyin Spider-Man, sai a 1993 aka mayar da shi mai kare marasa galihu a San Francisco. Punisher kuwa ranar da ya fara fitowa a 1974 Spider-Man ya zo kashewa. Wanda kake ƙauna shi ne wanda ka tsinta a shekarun da ka fara karatu, ka ƙara masa da abin da ke ranka a lokacin. Wanda ya girme ka da shekara goma yana da nasa daban, kuma shi ma rantsuwa yake nasa ne na asali. Fim na awa biyu ba zai iya ɗaukar dukkanku ba. Dole ya zaɓa, dole kuma zaɓin ya bar wani a waje. Ka shirya wa cewa wani ɓangare na abin da kake so ba zai shiga ba, ko da fim ɗin ya yi kyau.

Maganar tallan da ka haddace, a gajarce zan yi ta. Sau da yawa ana haɗa talla tun fim bai kammala ba, masu haɗa shi kuma aikinsu su sa ka sayi tikiti. Bayan fitarsa ana nuna fim ɗin ga 'yan gwaji, a yanke wani wuri, a koma a sake ɗaukar wani. Tallan farko na fim ɗin Morbius ya fita a Janairun 2020, har da hoton Spider-Man a jikin bango, mutane suka yi ta gina hasashe a kai. An yi ta ɗage ranar har zuwa Afrilun 2022, da fim ɗin ya fito babu hoton a ciki. Ranar fitowa ma ba alkawari ba ce. An gama ɗaukar fim ɗin Batgirl kafin kamfanin Warner ya soke shi a Agustan 2022. An sanar da sabon fim ɗin Blade da ɗan wasa Mahershala Ali a 2019, a 2024 aka cire shi daga jadawali. Idan abin da kamfani ya faɗa da bakinsa yana iya sauyawa haka, to ina ga abin da wani marar suna ya rubuta da tsakar dare cewa ya ji daga wani da ya ji daga wani? Masu yaɗa irin waɗannan labarai da tashin hankalinka suke cin abinci, kowace dannawa riba ce gare su. Kai kuma da safe ka tafi aiki ido ja.

Yanzu ga abin da amininka ya faɗa. Ya ce ɗan wasan bai dace ba. Yana iya yin gaskiya, yana iya yin kuskure, kuma babu ɗayanku da ya sani tukuna. Lokacin da aka ɗauki Hugh Jackman ya fito a matsayin Wolverine a fim ɗin X-Men na 2000, ƙorafin da aka yi ta yi shi ne tsawo: na littafi gajere ne, mita 1.60, shi kuwa ya kusa mita 1.90, ga shi ya fito daga wasan dandamali na waƙe-waƙe. Ya riƙe rawar shekara da shekaru, ciki har da Logan a 2017, fim ɗin da rubutunsa ya shiga takarar Oscar, yau kuma da wuya ka samu wanda zai iya hango wani a wurin. Ya kuma ce fim ɗin zai kwanta. To kwanciya a kasuwa daban, kyau daban. Dredd na 2012 da ya riƙe amanar littafi bai yi ciniki ba, amma har yau masoyansa suna yabonsa. Venom na 2018 babu Spider-Man a asalin labarinsa, masu sharhi sun yi masa kaca-kaca, ya tara sama da dala miliyan 850. Ka ga ashe gardamar da kuka yi ba ta da alƙali, kuma ko ranar da fim ɗin ya fito ba lallai ta samu ba. Gani ya kori ji, amma ko bayan ganin kowa da idonsa zai fito.

Layin da ya fi tsaya mini a wasiƙarka shi ne inda ka ce idan fim ɗin ya lalace kamar wani abu naka ne ya lalace. A nan matsalar take, kuma ina so in yi maka magana a hankali. Yaron da ake cin zalinsa a makaranta, ya rasa mai tsaya masa, ya dawo ya buɗe littafi ya tarar da mutumin da ba ya roƙon kowa, ba ya jiran izinin kowa, wanda azzalumai ke rawar jiki idan sun ji sunansa, wannan yaron ya samu mafaka ta gaske. Ban raina ta ba. Ita ta riƙe ka a shekarun da ba ka da abin riƙewa. Amma ina jin yanzu ka ɗora wa fim ɗin nan nauyin da ba nasa ba. Kana so duniya ta cika sinima ta tafa wa gwarzonka, domin a can ƙasan ranka tafin zai zama shaida cewa yaron nan da aka raina ya san abin da yake so, kuma abin nasa mai daraja ne. Shi ya sa da amininka ya ce fim ɗin zai kwanta, ba fim ka ji an taɓa ba, yaron ka ji an sake yi wa dariya. Mutanen da ke shirya fim ɗin ba su san yaron ba. Suna da kasafin kuɗi, da ranar da aka gindaya musu, da shugabanni masu sa baki. Ko sun yi aiki mai kyau ko marar kyau, ba su ne za su yanke hukunci a kan abin da littafin ya yi maka ba. Ya riga ya yi, an wuce wurin.

Wanda ya san yaron kuwa, shi ne ka yaɓa wa magana. Shi ne kuka zauna kafaɗa da kafaɗa a kan shafi ɗaya, ɗaya yana jiran ɗaya ya gama kafin a juya. Ina ma zargin cewa maganar da ya yi daga irin tsoronka ta fito. Wasu idan suna son abu sosai sai su riƙa rage masa daraja tun da wuri, don kada faɗuwar ta yi musu zafi. Kai kana kare kanka da ɗoki, shi yana kare kansa da mugun zato, abu ɗaya kuke gudu.

Ka kuma sake duba littattafan da idon babba, domin marubutan kirki ba su taɓa ɓoye kuɗin da irin wannan gwarzo ke biya ba. Ɗauki Frank Castle, wato Punisher. An kashe matarsa da 'ya'yansa biyu a Central Park da ke New York, daga ranar ya zama mai ɗaukar fansa. Shekara hamsin ana rubuta shi, ka nuna mini inda ya huce. Ba shi da gida, abokan da ya samu ba sa daɗewa, kowane kisa yana kai shi ga na gaba. Gerry Conway, marubucin da ya ƙirƙiro shi, ya fito fili ya nuna rashin jin daɗinsa da ya ga 'yan sanda suna manna hoton ƙoƙon kai, wato tambarin Punisher, a motocinsu, domin bai rubuta shi don a yi koyi da shi ba. Abin da ke sa waɗannan labarai su yi nauyi shi ne mai karatu yana tausayin mutumin, yana kuma ganin yadda fushi ke cinye shi. Idan fim ɗin da kake jira ya riƙe wannan, ya yi nasara a wurina ko da ba a zubar da ɗigon jini a allo ba. Idan ya cika allo da jini ya manta da wannan, shi ne ainihin mayar da shi abin wasa. Da wannan ma'aunin nake so ka shiga sinima, ya fi ƙidayar gawarwaki. Kuma ka lura, abin da ka yi a gaban abokai ɗan ƙaramin samfurin halinsa ne: an taɓa ka, ka mayar da martani da duk ƙarfinka, ka tashi kai kaɗai.

Ga abin da nake ba ka shawara. Daga yau ka toshe sunan fim ɗin da na ɗan wasan a shafukan da kake bi, akasarinsu suna da wurin yin hakan, ka kuma fita daga zaurukan jita-jita. Idan kamfani ya saki sabon talla, kalle shi sau ɗaya ko biyu ka ajiye, ko ma ka ƙyale shi, domin tallan ƙarshe-ƙarshe sukan tona rabin labari. Wayar ta kwana nesa da shimfiɗarka. Lokacin da kake ɓatawa wurin bin hasashen mutane, ka mayar da shi kan littattafan: ɗauko su daga inda ka fara, ka nemi na shekarun da ka tsallake, har da na marubutan da ka ji an ce sun ɓata shi. Za ka ga sau nawa aka juya shi ya miƙe. Aikinka kuma ka riƙe shi da kyau, babu fim ɗin da ya kai ka rasa abin yi saboda shi. Idan ka yi duk wannan amma rashin barcin da faɗuwar gaban suka ƙi tafiya, ko ka ga sun bi ka zuwa wasu al'amuran da ba su shafi fim ba, ka ga likita ko mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Cin zalin ƙuruciya yakan bar tabo da ya fi ƙarfin littafi, kuma neman taimako a kansa ba gazawa ba ne.

Amininka kuwa kada ka jira fim ya fito. Na san dabarar da ke ranka: idan ya yi kyau ka je masa da nasara, idan ya lalace ka lallaɓa ka koma kamar ba a yi komai ba. Duka biyun ba gyara ba ne, domin laifin ba a kan wa ya yi gaskiya yake ba. Magana zarar bunu ce, ta riga ta fita, abin da ya rage shi ne ka amsa taka ce. Ka same shi ido da ido, ban da saƙon waya. Ka ce masa abin da ka faɗa bai dace ba, ka ci masa fuska a gaban mutane, kana neman afuwa. Kada ka haɗa da "amma kai ma", kada ka sake buɗe zancen ɗan wasan. Tun da a gaban abokai ka yi, su ma su ji daga bakinka cewa kai ka yi kuskure. Idan za ka iya, gaya masa abin da ka gaya mini game da makaranta da abin da gwarzon nan yake a wurinka. Wataƙila ya sani, wataƙila kuma bai taɓa sanin zurfinsa ba.

Sannan ka ce masa ranar da fim ɗin ya fito tikitinsa yana wuyanka, kuma yana da damar ya fito ya ce bai yi masa ba, ba tare da ka ɗaure fuska ba. Idan ka kira bai ɗauka ba a karon farko, kada ka yi zuciya, shi aka ɓata wa. Ka bar shi ya huce kwana biyu, ka sake nemansa.